Bawul na Uku

Kakanku Malam Hadi bai cika magana ba, amma babu wanda ya kai shi ji a gidanmu na Mandawari. Yana zaune a soro zai aika a ce wa Umma ta duba tukunya, ruwan ya ƙafe, tun kafin ƙauri ya tashi. Idan babur ya shigo lungu, shi zai faɗi mai shi kafin a ga fuska. Ku da tsufa kuka same shi, da carbinsa da 'yar rediyonsa, ba ku san shi da farar riga da takalmin roba ba. Na ji kuna cewa kwamfuta ce ta kore shi daga aiki, domin haka kuka ji manya suna faɗa. Abin bai tsaya nan ba, kuma ni kaɗai na rage da na san yadda aka yi.

Danginmu 'yan kasuwa ne tun kakanni, waɗanda suka ƙetaro hamada da turare da tufafi suka zauna a birni. Baba ne kaɗai ya bar rumfa ya bi ƙarfe. Yana aiki a wani kamfanin madara da yogot a bayan gari, kuma aikinsa kula da bawul. Bawul wata 'yar ƙofa ce a cikin bututu, iska ke tura ta ta buɗe ko ta rufe, madara ta wuce ko ta tsaya. Guda goma ne a jere a jikin bango ɗaya, tsakanin tankin dafa madara da tankunan da ake ɗura ta. Idan an gama aikin yini, ta cikin bututun nan ake tura ruwan soda a wanke su, kuma babu abin da ke raba ruwan wankin da madara sai wata 'yar roba a bakin kowane bawul. In robar ta cinye, ruwan soda ya sami hanya. Baba ba ya jira sai ta cinye. Sukundireba yake ɗauka, ya ɗora bakinta a jikin bawul, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Duk ya raɗa musu suna. Akwai Tsohuwa, akwai Mai Tari, akwai Amarya wadda aka sako sabuwa, akwai wata da yake kira Gwauro domin ita kaɗai ce ba ta da 'yar'uwa a jikin bututunta. Abokan aikinsa sun san sunayen, babu wanda ya taɓa buƙatar lamba.

Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari ƙwarai. Baba ba ya kiran sunana. Ko ina tsaye a gabansa, ƙanwata zai ce wa ta gaya wa waccan ta kawo ruwa. Ni kuma dama ba mai magana ba ce. A makaranta kujerar jikin taga nake zama, na san malamin da ke goge alli a jikin wandonsa da wanda ke gogewa da hula, amma in aka yi tambaya, ko na san amsar sai in kalli teburina.

A shekarar da sojoji suka koma bariki ina aji huɗu a sakandare. Bangon lungunmu ya cika da hotunan 'yan takara, wani a kan wani, har sai ka ga hular wannan a kan fuskar wancan. Baffa Tijjani, yayan Baba, kullum in ya taso kasuwa sai ya biyo ta soronmu, yana cewa yanzu bakin kowa ya buɗe, kowa ya faɗi abin da ke ransa. A shekarar ce masu kamfanin suka ga kamar kasuwa za ta buɗe, suka sayo sababbin kaya daga waje. Aka ɗora wa kowane bawul wata 'yar hula mai waya, wayoyin suka haɗu suka hau bene zuwa wani ɗaki mai sanyi inda aka ajiye kwamfuta. Ita take auna lokacin da kowane bawul yake ɗauka kafin ya rufe. In ya fara nawa, sai ta rubuta a takarda cewa yana neman gyara. Aka ɗauko wani matashi, Injiniya Kabiru, ya zauna da ita. Aka kuma kafa doka: mai sito ba zai ba da sabuwar roba ba sai an nuna masa takardar kwamfuta.

Kwamfuta ba ta san Tsohuwa ba, ba ta san Mai Tari ba. Lamba ta sani, ɗaya zuwa goma. An ce akwai wasu 'yan alluna na ƙarfe da za a maƙala a jikin kowane bawul da lambarsa, amma ba su zo tare da kayan ba, ana ta cewa suna hanya. Injiniya ba ya saukowa, domin shiga ɗakin madara sai an sa farar riga an tsoma takalmi a ruwan magani, kuma yana ganin ai komai yana gabansa a kwamfuta. Baba kuma ya ce ba zai hau bene ya yi wa yaron da aka haifa bayan ya fara riƙe sifana bayani ba. Masinja ke kawo takarda da safe, Baba ya mayar da amsa a rubuce washegari.

A nan na shigo. Baba ya yi karatun allo mai zurfi, yana rubuta ajami kamar ɗab'i, amma bai yi boko ba. Shekara da shekaru babu wanda ya lura a kamfanin, domin aikin kunne ne da hannu. Ranar da ya fara kawo takarda gida, ya zauna da ita a soro bayan la'asar, yana juya ta. Sai ya ɗaga murya kaɗan ya ce da Umma:

"Waccan tana ciki?"

"Tana tsince shinkafa."

"A ce ta bari, ta zo da biro."

Tun da na yi wayo ban taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba sai ranar. Na karanta masa takardar, na fassara, ya faɗi amsa da Hausa na mayar da ita Turanci. Daga nan abin ya zama na kullum. Ba ya kallona, ni ma ba na kallonsa, dukanmu takardar muke kallo. Amma na san warin man inji da sabulun kamfani da ke jikin hannunsa, na san farcen babban yatsansa na dama ya tsage bai sake haɗewa ba. Na san yana jin daɗi in na karanta ba gargada, domin sai ya ɗan taɓa gemunsa. Ba zan ɓoye muku ba, tun daga aji nake ƙosawa a tashi saboda zaman nan.

Saɓani na farko ƙarami ne. Takarda ta ce na biyar yana nawa. Baba ya ce na biyar lafiyarsa ƙalau, na shida ne. Da yake suna kusa da juna, sai ya kwance su duka biyun, ya sa sabuwar robar a inda kunnensa ya ce. Kwamfuta ta daina ƙorafi. Injiniya ya ɗauka an bi maganarsa, Baba ya ɗauka ya kunyata na'ura, kowa ya kwana da nasa.

Bayan wata guda sai takarda ta ce na uku. Baba ya ce in rubuta cewa na uku babu abin da ya same shi, na takwas ne ke shaƙewa in zai rufe, wato Mai Tari, a ba shi roba ya canza. Amsa ta dawo cewa kwamfuta ba ta ga komai a na takwas ba, a canza na uku kamar yadda aka ce. Wannan karon mai sito ya ce sai an dawo masa da tsohuwar robar na uku a hannu. Baba ya kwance wanda ya sani da na uku, ya ciro roba mai kyau, ya sa sabuwa, ya kai tsohuwar sito yana huci. Washegari takarda ta sake cewa na uku yana nawa. Injiniya ya ƙara layi ɗaya a ƙasa da hannunsa, yana tambaya ko an yi aikin kuwa da gaske. Da ƙyar na fassara masa wannan layin.

Ranar wata Alhamis Baffa Tijjani ya tarar da mu a kan maganar. Ya zauna ya jawo kwanon dabino gabansa.

"Hadi, ka bar wa bature kayansa mana. Kunne ai tsufa yake yi. Ni jiya sai da aka yi mini sallama sau uku."

"Kai dama ba ka ji sai maganar ciniki, Yaya."

"To na ji. Amma ita na'urar me za ta ci da ƙarya? Ba ta neman kujera, ba ta neman ƙuri'a."

Baba bai yi dariya ba. Ya tattaro ƙwallayen dabinon da Baffa ya tofar, ya jera guda goma a kan tabarma.

"Duba nan. Ka shigo ɗakin, ka fuskanci bango. Ga Tsohuwa, ɗaya. Ga biyu. Ga na ukun da suke ta magana. Huɗu, biyar, shida, bakwai, ga Mai Tari, takwas."

Ina zaune a gefensa, inda yake fuskanta nan nake fuskanta. Na ga yatsansa ya fara daga dama yana tafiya hagu, yadda yake bin layi in yana karatu. Na kalli takardar da ke cinyata. A samanta kwamfuta ta zana 'yan akwatuna goma a jere, ɗaya tana can hagu, goma tana dama. Kullum ina ganin zanen, ban taɓa kula da shi ba. Na haɗa biyar da shida a raina, na haɗa uku da takwas, duka sha ɗaya suka ba ni. Na ɗora idona a kan ƙwallon da Baba ya kira takwas, na ƙirgo daga hagu. Na uku ne. Shi da kwamfutar, bawul ɗaya suke nufi, kuma tun farko ma ba su taɓa saɓawa ba.

Na buɗe baki, sai na ga Baffa yana murmushi yana jiran abin tsokana. In na yi magana a nan, gobe duk rumfarsu an ji cewa 'yar fari ta gyara wa ubanta ƙirge. Na ce bari sai ya tafi. Da ya tafi aka kira magariba. Washegari na zauna da niyyar faɗa, sai na rasa ta inda zan fara. Ta yaya zan ce wa mutumin da ko sunana ba ya kira, Baba, kai ne ka juya? Kuma abin da ya juya shi ba sakaci ba ne, karatunsa ne, wanda duk unguwa ke girmama shi a kai. Akwai wani tsoron ma da ya fi wannan, wanda sai da na girma na yarda da shi. Ina tsoron in ya ji kunyata, zai nemi wani ya riƙa karanta masa takardar, in koma tsince shinkafa. Na yi tunanin in saka maganar a cikin amsar Turanci ba tare da ya sani ba, na ga wannan cin amana ne. Na yi tunanin gaya wa Umma, na ga za ta ce ba ruwan mata da aikin maza. Kullum sai in ce gobe. Kullum kuma ina rubuta masa da hannuna cewa na uku lafiyarsa ƙalau.

Ranar Asabar ta mako na gaba robar Mai Tari ta ƙarasa cinyewa. Ruwan soda ya ratsa ya shiga tanki guda cike da madara. Allah ya sa matar da ke ɗakin gwaji ta gano kafin a ɗura ko kwalba ɗaya, amma duk tankin aka zubar a kwata. Baba ya dawo bai ci abinci ba. Ranar Litinin ya zo da takardar tuhuma daga manaja, a cikin ambulan. Na karanta masa. An ce an yi ta gargaɗinsa a rubuce a kan bawul na uku ya yi biris, ya ba da dalilin da zai hana a sallame shi.

Ya ture ambulan ɗin gefe. Sannan ya ce:

"Rubuta. A ce musu na gode da zaman da muka yi. Tunda kunnena ya mutu, na ajiye aiki."

Na rubuta kwanan wata. Na rubuta gaisuwa. Sai na ajiye biro. Babu dabino a ranar, sai na cire 'yan kunnena da zobena, na haɗa da murafen biro da wasu tsakuwoyi na bakin ƙofa har suka cika goma, na jera a gabansa. Bai hana ni ba, ina jin ya ɗauka na zautu ne. Na taɓa na dama na ce da wata murya da ban san tawa ba ce:

"Baba, a nan kake farawa."

Na taɓa na hagu.

"Su a nan suke farawa."

Na ƙirga uku daga hagu na tsaya, na bar yatsana a wurin. Ya kalli yatsan. Na ga leɓɓansa suna motsi, yana ƙirgowa daga nasa ɓangaren. Da ya iso inda yatsana yake sai ya ce a hankali:

"Mai Tari."

Umma tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ashe ta ji komai. Ita ce ta fara hango abin da ni ban hango ba.

"Malam, in ka je ka faɗi wannan, za su tambayi yadda aka yi ba ka ga zanen ba, alhali kullum yana saman takarda. Za su san ba kai kake karantawa ba."

"Na sani."

"In ka yi shiru ka ba da haƙuri, wataƙila su bar ka a wurinka."

"Su bar ni a matsayin wa? Wanda aka gaya wa sau bakwai ya ƙi ji? Gara su san ban iya boko ba da su ce na yi wa madarar mutane ganganci."

Washegari ban je makaranta ba. Ya ce in sa mayafi, ya ɗauke ni a bayan babur. Wannan ne zuwana na farko da na ƙarshe kamfanin. Aka ba ni farar riga da ta sauko mini har idon sawu, na tsoma takalmi a ruwan magani. Ɗakin ya fi yadda na zata ƙara, ƙasa a jiƙe, ko'ina warin dafaffiyar madara. Ga su nan a jikin bango su goma, suna sheƙi, kowanne da 'yar hularsa, suna fitar da iska ɗaya bayan ɗaya kamar masu atishawa. Baba ya aika masinja sama, ya ce ba takarda yake so ba, mutum yake so. Injiniya Kabiru ya sauko tare da manaja. Siriri ne mai tabarau, kuma na lura rigar da ya sa har yanzu da layin ninki a jikinta.

"Injiniya, don Allah nuna mini na uku. Da hannunka."

Injiniya ya kalli manaja kamar an raina masa hankali, ya taka ya ɗora hannu a kan Mai Tari.

"Wannan shi na yi ta roƙon roba a kansa," in ji Baba. "Ni na takwas nake ce masa. Ga nawa na ukun can."

Injiniya ya kalli wannan, ya kalli wancan, ya yi 'yar dariya, sai dariyar ta tsaya masa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Malam Hadi, tun yaushe ka ji shi?"

"Kwana huɗu kafin na'urarka ta rubuta."

Manaja bai damu da wannan ba. Ya zaro ɗaya daga cikin takardun ya nuna zanen da ke sama, ya tambayi abin da Umma ta ce za a tambaya. Baba bai yi kwana-kwana ba. Ya ce shi ajami ya iya, wadda ke rubuta masa ga ta nan tsaye. Duk suka juyo suka kalle ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba a sallame shi ba, kuma an janye maganar ganganci. Injiniya ya yi ta roƙo a bar shi a kan bawul, ya ce laifin na waɗanda suka kafa kaya ba lamba ne, har da shi da bai sauko ba. A gabanmu ya sa aka kawo jan fenti ya rubuta lambobin da kansa a jikin bango. Amma manaja ya ce an yi asarar tanki guda, kuma masu kamfani ba za su yarda a bar wurin a hannun wanda ba ya karanta takarda ba. Aka mayar da Baba wajen lodi, inda ake ɗora katan a mota. Shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi a can ya ajiye. Daga ranar kuma babu sauran takardar da za a kawo gida, zaman soro ya ƙare.

A hanyarmu ta komawa, da muka shigo ƙofar gari, ya tsayar da babur a gindin wata bishiya ya kashe. Bai juyo ba. Ya yi magana yana kallon gaba.

"Yaushe kika lura?"

Ina riƙe da ƙarfen kujera. Na ce:

"Jiya, Baba."

Ya gyaɗa kai.

"Allah ya yi miki albarka. Da ba ki lura ba, da na tafi da sunan banza."

Haka ya riƙa ba da labarin har ƙarshen ransa. Ya gaya wa Baffa, ya gaya wa dangin mahaifinku ranar da suka zo neman aurena, cewa yarinyar nan ido gare ta, a zama ɗaya ta ga abin da injiniya bai gani ba. Duk lokacin da ya faɗa sai in sunkuyar da kai, mutane su ce kunya ce. Na yi jinyarsa wata biyar, kullum muna tare, ban gyara masa ba.

Canza roba aikin minti goma sha biyar ne a hannunsa. Da na yi magana ranar Alhamis ɗin nan, da safiyar Juma'a an gama, madara ba ta zube ba, manaja bai sauko ba, babu wanda zai tambayi wa ke rubuta masa. Ba jiya ba ne. Kwana tara na sani kafin robar ta cinye, kuma babu ranar da ban zauna kusa da shi ba a cikinsu, da biro a hannuna.